Tsakiyar Gari a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin: Gini, Tsari da Kalmominsu

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda tsakiyar gari ta ke sakewa a garuruwan da ke bunƙasa a yammacin Jihar Kebbi, musamman ƙasar Bagudo da bakin iyakar Jamhuriyar Benin, a kuma duba kalmomin da Hausa ta ke faɗin wannan sakewa da su. Galibi a kan ɗauki al'amarin gini da tsarin gari aikin injiniya ne da safiyo. Amma mai nazarin harshe ma yana da abin cewa a ciki, gama sunan da mutane suka ba wuri ya kan nuna yadda suka ɗauke shi, da wanda su ke ganin yana da iko a kansa. In an lura, Hausa ba ta da kalma guda tilo da ta ke nufin sashen gari inda shaguna da ofisoshi da manyan gine-gine suka taru. A kan ce cikin gari, ko tsakiyar gari, ko bakin kasuwa, ko bakin titi, ko tasha, ko wacce kuwa da inda ta dosa. Wannan yawan suna yana da dalili a tarihi, shi ne za a bi a nan.

2. Ƙasar da a ke magana a kanta

Bagudo ƙaramar hukuma ce cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, tana kuma cikin masarautar Gwandu. A ƙidayar 2006 an sami mutanenta sun haura 230,000. Kogin Kwara ya ratsa ta ya raba ta biyu, a wannan yanki ne kuma Gulbin Kebbi ya ke zuba ruwansa cikin Kwara. A hayin da ke wajen Bargu akwai Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, daga nan sai ƙasar Benin. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa a tsakaninsu.

Tun kafin a san wata iyaka a nan, ƙasar hanya ce. Fataken Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro su kan biyo ta Jega, su ƙetare Kwara a wajen Illo, su ratsa Bargu zuwa Jugu da Salaga. Iyakar da a ke gani yau ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris ran 14 ga Yuni 1898, wadda ta raba Bargu biyu: Illo da Busa suka faɗa hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransawa. Ƙasar hayin Faransa ita ce Dahomi, wadda ta sami mulkin kai a 1960, ta sake suna zuwa Benin a 1975. Saboda haka garuruwan wannan yanki sun girma ne a ƙarƙashin abu biyu, watau kogi da hanya. Duk wanda zai fahimci tsarinsu, lalle ne ya riƙe waɗannan biyu a zuciya.

3. Sunayen mazauni

Hausa ta bambanta mazaunin mutane daki-daki. Birni shi ne gari mai ganuwa da ƙofofi da sarki, asalin kalmar ma ganuwar ta ke nufi, daga baya ta koma sunan abin da ganuwar ta kewaye. Gari ya fi birni faɗin ma'ana, yana iya zama da ganuwa ko babu. Ƙauye shi ne wanda ke bin wani gari, ba shi da sarauta babba tasa. Ƙasa da wannan akwai unguwa ta manoma a bayan gari, da ruga ta Fulani, da tunga, wadda ta yawaita ƙwarai a bakin Kwara, watau ɗan mazaunin masunta ko manoman fadama, wanda a kan kira da sunan mutumin da ya fara sauka. Sa'an nan akwai zango, masaukin fatake a gefen gari. Wannan kalma ta bi ayari har Gwanja da Asante, inda unguwannin baƙi Musulmi su ke amsa ta har yau.

A karin harshen Sakkwato da Kebbi, sashen gari shi ne shiya, inda Bakano zai ce unguwa. Shi ya sa a Birnin Kebbi a ke da Shiyar Fada. Abin lura a nan shi ne shiya ko unguwa ba a kan auna ta da igiya ba, da mutane a ke gane ta: maƙera, majema, malamai, bayin sarki, ko zuriyar wani kaka. Tana da mai unguwa wanda ya san kowa, shi ne kuma a ke fara gaya wa in baƙo yana son fili. Duk waɗannan sunaye suna amsa tambaya guda, watau su wane ne a wurin, wa kuma su ke bi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta ke faɗin siffar wurin a kan takarda.

4. Zuciyar tsohon gari

Tsohon garin Hausa yana da zuciya biyu. Ta farko ita ce ƙofar fada, inda gidan sarki da masallacin Juma'a da wurin shari'a su ke fuskantar fili guda. A wannan fili a ke hawan salla, a ke naɗin sarauta, a ke shela. Ta biyu ita ce kasuwa, da rumfunanta da sarkin kasuwa da sarkin pawa da dillalai. A Kano, Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi duk a kan danganta su da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, tsakaninsu kuwa akwai 'yar tafiya. Wannan rabuwa ta yi amfani, gama hayaniyar ciniki ba ta dami fada ba, fada kuma ba ta tsare kasuwa ba. Manyan hanyoyi su kan taso daga ƙofofin ganuwa su nufo waɗannan wurare biyu, daga jikinsu kuma lunguna su ke shiga cikin unguwanni. A kan bar gonaki da kududdufai a cikin ganuwa, domin ranar yaƙi da kuma domin 'ya'ya masu tasowa. A ƙasar Kebbi, kufan Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, har yanzu yana nuna girman filin da a kan kewaye da ganuwa.

Kayan gini ma sun yi tasiri a kan siffar gari. Magini ya kan gina bango da tubali, watau curin ƙasa da aka shanya a rana, ya rufe ɗaki da azara, wadda a ke tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in ratar ta wuce kamar ƙafa shida, saboda haka wanda ya ke son babban zaure sai a yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga, aikin da sai gwani. Mafi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A kan shafe bango da makuba, a fitar da ruwan sama ta indararo, a ƙawata saman soro da zanko. A ƙauyukan bakin Kwara kuwa ɗakin ciyawa da darni da manyan rufewoyin hatsi sun fi soro yawa.

Abin da ya fito daga wannan shi ne gari mai gajerun gine-gine da kaurin bango, wanda ko wane gida a cikinsa ya juya wa hanya baya, sai zaure kaɗai ke kallonta. Zaure shi ne iyaka tsakanin gida da duniya. A nan maigida ya ke karɓar baƙi, a nan malami ya ke karantarwa, a nan maɗinki ko baduku ya ke sana'arsa. Ƙasar ginin kuma daga kusa a ke haƙo ta, ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya riƙe ruwan damina. Ba a zana wannan tsari a takarda ba, amma yana da dokokinsa, sarki da mai unguwa da sarkin magina su ne masu tsaronsu. Fili kuwa ba a kan sayar ba, a kan ba mutum ne ya zauna.

5. Abin da Turawa suka kawo

Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar, ba su shiga cikin birane sun zauna ba. Sun kafa nasu mazauni a waje, Dokar Garuruwa ta 1917 kuma ta tabbatar da tsarin. Dokar ta kasa garuruwa aji uku, Ikko ita kaɗai a aji na ɗaya, Kano da Zariya da Kaduna a aji na biyu. A ƙa'idar Gwamna Lugga, a kan bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai domin tsoron sauro da cuta. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari domin baƙi 'yan Kudu, kantunan kamfanoni kuma suka jeru kusa da tasha. Ta haka gari ya sami zuciya ta uku, wadda ba ta ƙarƙashin sarki.

Harshe ya riƙe alamar wannan rabuwa. Kalmar bariki, wadda aka aro daga Ingilishi, da farko masaukin soja ta ke nufi, sa'an nan ta zama unguwar Razdan da Di'o, daga bisani ta zama duk wani wuri da idon iyaye da na mai unguwa ba ya kaiwa. Shi ya sa in an ce wane ɗan bariki ne, ba a kan nufi yabo ba. Kalma guda ta ɗauke hukuncin da jama'a suka yanke wa sabon sashen gari.

Bayan samun mulkin kai aka shiga zamanin manyan taswirori. Trevallion ya tsara wa Kano shirin shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983, Max Lock ya fitar da na Kaduna a 1967. Amma misalin da ya fi kusa da Bagudo yana kan kogin nan nata ne, can ƙasa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya ci tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa na Bargu da Yawuri, aka ta da mutum wajen 44,000. Wani mai zanen gini, Robin Atkinson, shi ya tsara Sabuwar Busa da sababbin ƙauyukan, da bangon siminti da rufi mai lanƙwasa. Ya yi ƙoƙarin bin siffar gidan gargajiya. Duk da haka mazauna suka yi ta ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna da danga a jikin abin da aka gina musu, gama gidan Bahaushe ko na Babushe abu ne mai girma tare da iyali, in an yi aure a ƙara ɗaki, in an rabu a ja katanga. Darasin Kainji shi ne mai zane yana iya tsara farkon gari, amma mazauna ne za su ƙarasa shi, saboda haka sai ya bar musu wurin ƙarasawa.

A hayin Faransa an bi wata hanya dabam. Al'adar Faransawa ita ce su yanka fili murabba'i-murabba'i, su fitar da tituna miƙaƙƙu, kana a raba wa masu gini. Garin Malanbil, wanda aka sa wa sunan wani gwamnan Dahomi, Henri Malan, ya tashi ne a bakin Kwara daura da Gaya ta Nijar. Kayan Kwatano su kan zo ta jirgin ƙasa har Faraku, motoci su ɗauko su ta Kandi. Da aka gina gada tsakanin Malanbil da Gaya a 1958, garin ya haɓaka, kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Benin. Wannan gari ba fada ce ta haife shi ba, gada da kasuwa ne.

6. Ƙaurar tsakiyar gari zuwa bakin titi

Birnin Kebbi ita ce babban misali a jihar. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci ta a 1805, a farkon zamanin Turawa kuma Sarkin Gwandu ya koma can da zama. Ta daɗe tana garin sarki da En'e da Di'o, ba wani girma ainun ba. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka mai da ita babban birni. Nan da nan aka bukaci gidan gwamnati da sakateriya da gidajen ma'aikata da bankuna, waɗannan kuwa ba su da wuri a lungunan tsohon gari. Sai gari ya miƙe ta bin tituna, unguwanni irin su Gesse da Badariya da Gwadangaji suka cika. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ja gini wajen Kalgo, filin jirgin sama ya ja shi wajen Ambursa. Fada tana nan inda ta ke da martabarta, amma wanda ya ce zai shiga gari sayayya, ba can ya nufa ba.

Abin da ya sami Birnin Kebbi shi ke samun ƙananan garuruwa, sai dai a taƙaice. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sa garuruwa irin su Bagudo sun zama hedikwata, da sakateriya da asibiti da ofishin 'yan sanda da makarantar sakandare. Irin waɗannan gine-gine suna son fili mai faɗi, saboda haka a bayan gari a ke kafa su, a bakin kwalta. Tashar mota ta biyo, masu abinci da masu faci da masu shayi suka biyo tasha, gidan mai ya biyo su duka. Mai gidan da ke bakin hanya ya ga kuɗi suna wucewa ta ƙofarsa, sai ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna. Gidan da a da ya juya wa hanya baya, yanzu ya juyo ya buɗe mata baki. In aka sami hali, a zuba dakin a ɗora bene. Da haka tsakiyar gari, wadda a da fili ce mai kewaye, ta zama dogon layi mai bin titi.

A bakin iyaka wannan ya fi tsanani, gama can abin da ke jan gini shi ne shingen kwastan. Inda mota ta ke tsayawa a duba takardunta, nan ciniki ya ke taruwa: 'yan canji masu musayar naira da sefa, ɗakunan ajiya, masaukai, gidajen mai. Tsamiya tana kan hanyar Segbana, Lolo tana kan hanyar Malanbil. Sai dai arzikin irin waɗannan garuruwa yana rataye ne a kan shawarar da a ke yankewa a nesa. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, musamman domin hana shigo da shinkafa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. A Nuwamba 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, ribar fitar da shi zuwa maƙwabta ta ragu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi dogon layi a hayin Benin. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cika gari ko ya kwashe shi. Rumfar kasuwa ta zana, in ciniki ya tashi, a kan naɗe ta a bi shi. Shagon bulo kuwa ba ya naɗuwa. Wanda ya zuba dukiyarsa a ciki ya ɗaure ta ne a wuri guda, alhali cinikin da ya gina dominsa mai ƙaura ne.

7. Sababbin kalmomi

Kusan duk kalmomin sabon gini ararru ne, an kuma lanƙwasa su sun bi ƙa'idar furucin Hausa, wadda ba ta son baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, ba ta kuma cika son kalma ta ƙare da baƙi ba. Ta haka aka sami bulo da siminti da filasta da fenti da rodi, da masu aikinsu, birkila da kafinta da lebura da ɗan kwangila. Na hanya kuma akwai kwalta da kwalbati da kwata da tasha. Titi daga Ingilishi ta taso, amma a kan ce ta bakin Yarbawa ta biyo. Waɗansu kalmomin kuwa na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu: kwano, wanda a ke cin tuwo a ciki, ya zama rufin ɗaki, shataletale, wasan juyi na yara, ya zama mahaɗar tituna mai kewaye, gadar sama kuma ƙira ce ta Hausa tsantsa.

A bakin iyaka a kan ji aro iri biyu a kasuwa guda. Wanda ya taso a hayin Faransanci ya kan ce duwan inda ɗan Nijeriya zai ce kwastan, ya ce lakwal a maimakon makaranta, ya ce kare a maimakon fuloti. Malamin Hausa a irin wannan wuri bai kamata ya ɗauki ɗayan kuskure ba, duka biyun Hausa ne, tarihin mulki ne ya raba su.

Kalmomi biyu sun cancanci a dakata a kansu, watau fuloti da layi. Fuloti fili ne da aka auna, aka kafa masa duwatsu, aka ba shi lamba, ana saye ana sayarwa. Layi jerin fulotai ne masu fuskantar hanya guda. In aka gwada su da gida da shiya, sai a ga bambancin: gida da shiya suna faɗin mutane, fuloti da layi suna faɗin awo. Mutum yana iya mallakar fuloti goma a garin da bai taɓa kwana ba, amma ba ya zama ɗan shiya sai ya zauna. Shigowar waɗannan kalmomi shaida ce cewa ƙasa ta zama haja.

8. Wanda ke da iko

Tun 1910 dokar Turawa ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan haka, sarakuna da En'e suna rabawa bisa al'ada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen ko wace jiha ga gwamnanta. Inda gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da takardar mallaka, inda bai ayyana ba kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya. Dokar Tsara Birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a matakai uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ta kuma ce ba a fara gini sai da izini. Jihar Kebbi tana da hukumarta ta raya birane. Dokar manyan hanyoyin tarayya kuma ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar hanya ta ko wane gefe.

A takarda, to, babu giɓi. A ƙasa kuwa gari mai matsakaicin girma ya kan faɗa tsakanin iko biyu. Ya fi ƙarfin mai unguwa, gama mai sayen fuloti ba lalle ne ya san shi ba. Bai kuma kai inda ma'aikatan tsara birane za su zauna a cikinsa kullum ba. Sai manomin da gonarsa ke bakin gari ya yanka ta da kansa, dillali ya kawo mai saye, a rubuta takarda a gaban shaidu da mai gari. Ko wane mai yanka yana son fuloti su yi yawa, saboda haka hanya ce ke ƙuntata, filin makaranta da na maƙabarta da na magudanar ruwa kuwa babu mai barinsu, tun da ba na kowa ba ne.

9. Ruwa da wuta da inuwa

Sakamakon haka ya fi bayyana da damina. Rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan ruwa, kududdufin da ke riƙe shi kuma an cike shi an yanka fuloti. Titin da aka ɗaga sama da gari ya kan zama madatsa in kwalbatinsa ya yi kaɗan ko ya toshe. A ƙasar da kogi ya ratsa, wannan babban hatsari ne. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun yi ɓarna mai yawa a Jihar Kebbi, ta 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi. Magabata sun san iyakar da ruwa ke kaiwa, shi ya sa suka kafa garuruwa a kan tudu suka bar fadama ga shinkafa da albasa. Mai sayen fuloti da rani ba ya ganin wannan iyaka.

Kano ta riga ta nuna ƙarshen wannan hanya. A watan Maris 2016 gobara ta ci babban sashe na Kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata yadi mai yawa, aka kuma ɗora laifin a kan ginin da ya tsare magudanai. A watan Yuni 2023 sabuwar gwamnatin jihar ta rushe shagunan da aka gina a jikin filin Idi da waɗansu wurare, da hujjar cewa filayen jama'a ne, masu shagunan kuwa suka tafi kotu da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, asarar ta riga ta auku, da an tsare filin tun farko kuwa da ba a yi ta ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai kuma al'amarin zafi. Bangon ƙasa mai kauri ya kan tsare zafin rana ya sake shi da dare, ɗakin bulo da kwano kuwa da bazara ba ya zaunuwa sai da fanka, wutar lantarki kuma ba kullum ba. Itatuwan da ke bakin hanya su ne a ke fara sarewa in za a fitar da shago. Wannan ba kira ba ne a koma wa tubali, gama ginin ƙasa yana son yaɓe ko wace shekara, giginya kuma ta yi ƙaranci. Abin da za a ɗauka daga tsohon gari shi ne ƙa'idodinsa: a bar wa ruwa wurin zama, a bar fili inda jama'a za su taru, a raba kasuwa da hanyar wucewa, a bar wa gida wurin girma.

10. Kammalawa

Garuruwan ƙasar Bagudo suna da wata dama da Kano ta riga ta rasa, watau har yanzu akwai fili a gefensu. Ware hanya da magudana da filin kasuwa kafin a yi gini ba ya cin kuɗi kamar rushewa da biyan diyya bayan an yi. Amma ba za a yi wannan ba sai hakimi da mai unguwa da ma'aikacin ƙaramar hukuma da manomi mai yanka gonarsa sun fahimci juna, dokokin tsara gari kuwa da Ingilishi aka rubuta su. Nan ne aikin masana Hausa ya shigo. Ana bukatar a tattara kalmomin magina da na masunta da na manoman fadama tun masu su suna da rai, musamman sunayen da su ke kiran ire-iren ƙasa da iyakokin ruwa, a kuma daidaita kalmomin da za a fassara dokokin da su.

Malaman kwalejojin horon malamai suna iya farawa da abu mai sauƙi. A sa ɗalibi ya zana taswirar garinsu, ya rubuta sunan ko wace shiya da ko wane layi, ya tambayi dattawa dalilin sunan, ya nuna inda fada ta ke, da inda kasuwa ta ke a da da inda ta ke yanzu, da inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya. Wannan aiki guda ya haɗa Hausa da tarihi da labarin ƙasa. In aka tara irin waɗannan taswirori daga Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Bagudo, za a sami abin da masu nazarin harshe da masu tsara gari duka za su dogara a kai.